Ina za ka miƙa fangalinka?

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, iskar ɗari ta fara kaɗawa. Lokacin garka ya yi ke nan. Ka gyara darni, ka yashe rijiya, ka kai taki. Yau ga ka tsakiyar fili da kalme da igiya a hannu. To, ina za ka miƙa fangali? Daga gabas zuwa yamma, ko daga arewa zuwa kudu?

Mutane da yawa ba su tsayawa su yi wa kansu wagga tambaya. Inda ƙafa ta tsaya, nan ake fara sara. Amma fangali, wanda wasu wurare ake ce wa komi, idan an riga an ja shi an zuba iri, ba a juya shi kamar tabarma. Haka zai zauna har wata uku ko huɗu. Iri kuɗi ne, taki kuɗi ne, jan ruwa wahala ce. Tun bayan farin 1984, da hukuma ta yi kira a tashi tsaye wajen noman rani, gidaje da yawa a ƙasarmu da garka suke cike giɓin rumbu. Abin da ke ciyar da iyali bai kamata a yi shi da ka ba. Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane.

Kuskuren da na yi

Shekarar da na fara koyar da yaƙi da jahilci, mun buɗe ƴar garka bayan ajinmu, a gefen fadama. Ina da wani littafi na noma da aka rubuta da Faransanci. A ciki an ce a miƙa fangali daga arewa zuwa kudu. Na ɗauki maganar yadda take, na sa ɗalibai suka ja fangali 12. Ban duba ba cewa filin ma daga arewa yake gangarowa zuwa kudu.

Ranar da muka yi ban ruwa na farko, ruwa ya bi tsawon fangali ya gangara. Ya kwashe irin salati da na karoti ya tara su a ƙasa. Bayan kwana goma, kan fangali fayau ba tsiro, gindinsa kuwa tsiro ya cunkushe cikin laka.

Akwai wani dattijo a ajin, ya fi shekara 60, bai daɗe da iya rubuta sunansa ba. Ya dube ni ya ce: "Malam, wanda ya rubuta littahin nan ya taɓa zuwa garinmu?" Na ce: "A'a, Baba." Ya ce: "To, ruwa bai iya karatu ba. Gangare ya sani. Mu da munka tashi cikin garka, ruwa muke fara tambaya, sannan iska, sannan rana."

Littafin bai yi ƙarya ba. A Faransa rana ba ta isar su lokacin sanyi. A birnin Paris, cikin watan Disamba, sanda mai metir 1 tana yin inuwa fiye da metir 3 da tsakar rana. Dole su fara da lissafin rana. Mu kuwa rana Allah ya hore mana ita. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ruwa, abin da ke damunmu kuma iska ce. Saboda haka tambayoyi uku na Baba su ne darasinmu na yau, kuma bi da bi za mu ɗauke su.

Fara sanin kusurwoyin garkarka

Kowa ya san rana daga gabas take fitowa. Amma ba kullum take fitowa wuri ɗaya ba. Cikin Disamba tana fitowa ta karkata kudu. Cikin Yuni tana fitowa ta karkata arewa. Sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba take fitowa gabas sak. Alƙibla ma a ƙasarmu ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa.

Ga dabara mai sauƙi. Ka samu sanda miƙaƙƙiya, ka kafa ta tsaye tsakiyar fili, ta fito metir 1 bisa ƙasa. Da hantsi, ka sa dutse a bakin inuwarta. Ka auna tsawon inuwar da igiya, ka ƙulla. Bayan azahar ka dawo, ka jira har inuwar ta sake kai tsawon igiyar nan. Ka sa dutse na biyu. Dutsen hantsi yana yamma, dutsen bayan azahar yana gabas. Ka ja layi tsakaninsu. Idan ka tsaya kan layin kana duban gabas, arewa tana hagunka, kudu tana damanka. Kudu ita ce wasunmu ke ce wa gusum.

Tambaya ta farko: ina ruwa yake bi?

Fili kaɗan ne ba shi da gangare, ko da ido bai gani ba. Ka zuba guga biyu ko uku a ƙasa, ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa. Ka yi haka wuri uku ko huɗu. Ka tuna kuma inda ruwan damana ya bi ya bar zaizaya.

Doka ita ce: tsawon fangali ya gitta gangare, kada ya bi shi. Idan fili yana gangarowa daga arewa zuwa kudu, ka miƙa fangali gabas da yamma. Idan yana gangarowa daga gabas zuwa yamma, ka miƙa shi arewa da kudu. Ta haka kan fangali da gindinsa suna zama daidai, ruwa ya kwanta ko'ina, ƙasa ta sha a hankali.

Mi ya sa? Ka yi lissafi. A ce fili yana sauka santimetir 2 a kowane metir. Fangali mai tsawon metir 10 da ya bi gangare, gindinsa ya fi kansa zurfi da santimetir 20. Kusan taƙi guda ke nan. Amma idan ka gitta shi, faɗinsa metir 1 ne kawai, bambancin santimetir 2 ne. Wannan da rato kake gyara shi cikin ɗan lokaci.

Idan kana so ka tabbata, ka ari tiyon nan mai haske da magina ke aiki da shi. Ka cika shi da ruwa, kada kumfa ta rage ciki. Ka ɗaure bakinsa biyu ga sanduna biyu masu tsawo ɗaya. Kai ka riƙe ɗaya a kan fangali, yaronka ya riƙe ɗaya a gindi. Idan ruwa ya tsaya wuri ɗaya a jikin sandunan biyu, ƙasa ta daidaita.

Idan gangaren ya yi yawa, kada ka ja dogon fangali. Ka yi gajeru, metir 2 ko 3, kowane da bakinsa mai kauri, suna sauka kamar matakala. Dubi masu albasa na Galmi da na kwarin Tarka. Ƙananan fangali suke yi a jere, hanyar ruwa tana bi ta gefensu, a buɗe wa wannan ya sha a toshe, a buɗe wa na gaba. Hanyar ruwa ce ke bin gangare, fangali kuwa a kwance yake daidai.

Tambaya ta biyu: daga ina iska take zuwa?

Daga Nuwamba zuwa Maris, hunturu yana busowa daga tsakanin arewa da gabas. Iska ce busassa, ta ratso hamada, tana ɗauke da ƙura. Tana shanye ruwan fangali kafin saiwa ta sha. Tana watso yashi ya yanke ƙananan tsiro. Tana zubar da furen tumatir da na tattasai, fure kuwa idan ya zube ba ƴaƴa.

Juya fangali kawai ba ya tare iska. Kariya ke tare ta. Saboda haka gefen arewa da gefen gabas su ne za ka fi ba ƙarfi. Nan za ka yi darni mai tsawo da karan gero ko na dawa, ko ka kafa zana. Nan kuma za ka dasa shinge mai rai: lalle, ko aguwa, ko bagaruwa, ko magarya. Kariya tana rage ƙarfin iska har nisan da ya kai tsawonta wajen sau 10. Darni mai metir 2 yana kare wajen metir 20 a bayansa. Idan garkarka ta fi haka faɗi, ka sake yin wani layi a tsakiya, ko na masara ne.

Kada ka toshe darni ƙam kamar katanga. Iska idan ta bugi abin da ba shi da kafa, takan haura ta faɗo bayansa da ƙarfi tana juyi. Darni mai ƴan kafofi ya fi, domin iska tana ratsa shi ta fito a gajiye.

Wannan ba sabon abu ba ne. A kwarin Maggiya, wajen Buza a jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kan hanyar iska domin su kare gonaki. Abin da aka yi wa kwari guda, shi za ka yi wa garkarka daidai ƙarfinka.

A cikin garka kuma, ka san abin da za ka sa kusa da bakin iska. Rogo, masara, yakuwa da zogale suna jurewa. Salati, wurin renon iri da sabon dashe, a sa su can ciki inda iska ta mutu.

Tambaya ta uku: ina inuwa take faɗuwa?

Koma wajen sandarka mai metir 1. Cikin Disamba, da rana tsaka, ka auna inuwarta. A Maraɗi, Damagaram da Yamai za ka samu wajen santimetir 75. A Tawa, da ta fi su arewa, ta kusa 80. Kuma inuwar arewa take nufa, domin lokacin ɗari rana ta kudu take bi.

Ka riƙe wannan lissafi: lokacin ɗari, da tsakar rana, inuwar abu takan kai kashi 3 cikin 4 na tsawonsa, kuma arewa da shi take kwanciya. Darni mai metir 2 yana rufe metir 1 da rabi. Mangwaro mai metir 8 yana rufe metir 6. Da hantsi da la'asar inuwar ta fi haka tsawo.

Daga nan abu uku suka fito.

Na ɗaya, dogayen shuka a sa su arewa, gajeru a sa su kudu. Idan ka dasa zogale ko masara kudu da albasa, sun tare mata rana. Albasa kuwa tana son rana sosai, in ba ta samu ba sai ta yi ganye ba kai. Ka lura da sauƙin da Allah ya yi mana: gefen da hunturu ke shigowa, wato arewa, shi ne gefen da inuwar darni ke faɗawa waje. Ka tsawaita darnin arewa yadda kake so, ba ya cin ranar kowa. Darnin kudu kuwa, ka bar hanya ta metir 1 da rabi tsakaninsa da fangali na farko. Darnin gabas ma ka bar masa hanya, saboda inuwar safe.

Na biyu, shuka mai tsawo, kamar tumatir da aka ɗaure wa sanda, ko kuɓewa, ko masara, layinta ya fi kyau daga arewa zuwa kudu. Da safe rana ta haska gefen gabas, da yamma ta haska gefen yamma, kowane layi ya samu rabonsa. Idan layin ya bi gabas da yamma, na kudu yana inuwantar da na arewa da shi. Tumatir mai metir 1 da santimetir 20 yana yin inuwa santimetir 90. Idan gangare ya tilasta maka gabas da yamma, ba laifi, sai ka buɗa tsakanin layuka ya kai metir 1.

Na uku, gajerun shuka, kamar albasa, salati, karoti da shu, ba su damu da inda fangali ya duba ba. Ba su da tsawon da za su rufe juna. Don su kada ka wahalar da kanka da lissafin rana. Ka bi ruwa, ka bi iska, ka nisanta su da inuwar itace, shi ke nan.

Idan fili shimfiɗaɗɗe ne, ba gangare ko kaɗan, to nan maganar littafina ta yi daidai. Ka miƙa arewa da kudu.

Bazara da damana

Abin da muka faɗa na ɗari ne. Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. A lokacin inuwa ba abokiyar gaba ba ce, magani ce. Wajen ƙarshen Afrilu rana tana bi daidai bisa kanmu, sandarka ba ta da inuwa da tsakar rana. Darni na gefe ba ya taimako a wannan sa'a. Wurin renon iri sai an yi masa ƴar rumfa daga sama, da kara ko ciyawa, ba mai kauri ba, yadda haske zai riƙa ratsawa.

Ranar da ta fi ƙona shuka ita ce ta azahar zuwa la'asar, kuma daga yamma take bugowa. Idan fangalinka ya miƙe arewa da kudu, ka kafa zana ko ka shuka layin masara a gefensa na yamma. Salati ya sha ranar safe, ya huta da yamma.

Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana tana ɗan komawa arewa, inuwa ta juya kudu. Amma gajeruwa ce, ba ta kai santimetir 20 ga sanda mai metir 1. Ba abin damuwa ba ne.

Da damana ruwa ne ke yawa. Fangali mai zurfi, wanda ke riƙe ruwa da rani, yanzu yana iya ruɓar da saiwa. Sai a tada shi kamar kunya, ya fi hanya tudu. Har yanzu ya gitta gangare don kada ruwa ya kwashe ƙasa, amma a bar lambatu a gefe inda ruwan da ya yi yawa zai fita. Ka tuna kuma hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. Darnin gabas da ya tare hunturu, shi zai tare wa kuɓewa da masara kada su kwanta.

Kada ka manta da ƙafarka

Akwai abu guda da ba a cika rubutawa a littafi ba, shi ne tafiya tsakanin rijiya da fangali. Ka bar babbar hanya ta taso daga rijiya ta ratsa garka, kan kowane fangali ya fito bakinta. Faɗin fangali kada ya wuce metir 1 ko metir 1 da santimetir 20, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba. Tsakanin fangali da fangali a bar santimetir 50.

Mu yi lissafi kamar a aji. A ce fangali mai metir 10 yana shan arozuwar 6 a rana. Kana da fangali 20. Arozuwar 120 ke nan. Kana ɗaukar biyu biyu, tafiya 60. Idan tsarinka ya sa kana kewaye na metir 10 a zuwa, metir 10 a dawowa, kowace tafiya ta ƙaru da metir 20. Sau 60, metir 1200 ke nan a rana guda, rabinsa da ruwa a hannu. A wata guda kilometir 36. Sau da yawa mata da yara ne ke wannan tafiya. Igiyar da ka ja daidai ranar farko, ita ce hutunsu.

Yanzu ka iya rubutu, ka yi aiki da shi

Kafin ka sari ƙasa, ɗauki kayenka da fensir. Zana garkarka. Rubuta gabas, yamma, arewa, kudu. Sa alamar rijiya da kowane itace. Ja kibiya ɗaya inda ruwa ke gangara, ja ta biyu inda hunturu ke shigowa. Sannan ka zana fangali, ka rubuta abin da za ka shuka a kowane. Gyara a takarda da goge fensir ake yi. Gyara a ƙasa sai an yi asarar iri.

Idan kana da shakka, ka gwada. Ka ja fangali biyu, ɗaya haka ɗaya haka, iri ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Ka rubuta ranar shuka, ranar tsiro, da abin da kowane ya ba ka. Baɗi ba sai ka tambayi kowa ba, gani ya kori ji. Ka kuma nemi malamin gona na yankinku da tsofaffin masu garka, ka nuna musu zanenka.

Mu a ajinmu, shekara ta biyu mun juya fangali 12 ɗin nan gabas da yamma, mun mayar da zogale gefen arewa. Baba ne ya riƙe igiya, ni na riƙe kaye. Salatin da muka sayar a kasuwa ya sai mana alli da kalanzir na fitila har ƙarshen karatu.

Allah ya ba mu rani mai albarka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A garkarku, ina ruwa yake gangara? Ta yaya kuka gane?
2. Darni mai metir 1 da rabi, metir nawa zai kare daga iska?
3. Itace mai metir 4 yana kudu da garka. Metir nawa inuwarsa za ta rufe da tsakar rana cikin Disamba?
4. Ka zana garkarka a kaye, ka kawo aji mu duba tare.